Goggo, Malamar Aji Ɗaya

Ranar da aka kai Goggo makwancinta, matan da suka zo gaisuwa ba su cika ko rumfar tsakar gida ba. Ina zaune kusa da randa ina amsa "ya haƙuri", sai na ji wata maƙwabciya tana ce wa ta kusa da ita, "Allah sarki, baiwar Allah. Ba ɗa ba jika." Ɗayar ta ce, "Wallahi kuwa. Amma dai ba ta da fitina." Suka yi mata addu'a, suka shafa, suka koma zancen tsadar gawayi.

Wata amarya da ke haya a ɗakin da ke kallon na Goggo ta matso kusa da ni ta ce, "Hajiya, wai da gaske malamar makaranta ce a da?" Na ce da gaske. Ta ce, "Shi ya sa. Ni fa na ɗauka rikicin tsufa ne. Duk yaron da ya shigo gidan nan sai ta tsare shi, ta ce ya miƙo mata cokali huɗu, ko ya nuna mata kwanon da ya fi girma." Ta ɗan yi dariya, sai ta tuna inda take, ta rufe baki da gefen mayafi.

A ƙofar gida ƙannena ne da 'ya'yansu, da liman, da 'yan dattawan layi. Kafin azahar wasu sun fara duba agogo. Ban ga laifinsu ba. Goggo ta haura tamanin, sa'anninta kusan duk sun riga ta. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Matar nan ta shekara talatin da 'yan kai tana koyar da 'yan aji ɗaya a garin nan na Gombe. Yaran da suka bi ta hannunta wasu yanzu suna unguwar manya ta GRA da manyan motoci, wasu suna da gareji a unguwar Bolari, wasu sun yi jikoki. Amma ko mutum ɗaya bai shigo ya ce, "Malamata ce" ba.

Da tana raye ba za ta yi mamaki ba. Ta sha gaya min cewa ba a tuna malamar aji ɗaya. "Idan na yi aikina daidai," in ji ta, "yaro zai tashi yana ganin da iyawarsa aka haife shi. Ba zai tuna akwai ranar da bai san uku ta fi biyu ba." Tana faɗa tana murmushi, amma ban taɓa yarda murmushin ya kai ciki ba.

Sai ranar uku wata tsohuwa ta sauko daga keke tana dogara sanda. 'Yar ƙasar Tangale ce, Kirista, tare suka yi koyarwa shekara da shekaru, tun muna yara Mama muke ce mata. Ta zauna a bakin ɗakin Goggo. Can ta dubi matan da ke rumfa, ta dube ni, ta ce, "'Yata, mutanen nan ba su san wa aka binne ba."

Maganar nan ce ta sa ni zaman rubutu. Ni ma ɗalibarta ce, ko da yake ban taɓa zama a ajinta ba.

Goggo yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Iyayensu daga ƙasar Katsina suka zo, cinikin auduga ya kawo su, suka kafa gida a Tudun Wada tun ana noma a bayan unguwar. A zamanin da ake bi gida-gida ana ɗaukar yara a kai boko, da aka iso gidansu kakana ya ɓoye ɗansa namiji a rumbu ya miƙa ta macen, don a ganinsa asarar ba za ta yi yawa ba. Da bakinta take ba da labarin tana dariya. Ta yi karatu har makarantar horon malamai ta mata, ta kama aiki daf da lokacin da aka sauke tutar Turawa. Ta yi aure sau ɗaya, da wani akawun tashar jirgin ƙasa. Shekara shida ba haihuwa, suka rabu ba tashin hankali, ta dawo ɗakinta na gidan gado. A ɗakin nan ta ƙare rayuwarta.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, a ita aka sa ni aji ɗaya. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, ko'ina gini ake yi, amma ajujuwa ba su ishe mu ba. Da hannu ake auna shekarun yaro: ya ɗora hannun dama ta saman kai, in ya taɓo kunnen hagu, ya isa. Da muka yi yawa sai aka raba mu biyu. Rabinmu aka ba Goggo a ƙarƙashin dogonyaro, rabi aka ba wani saurayin malami da aka yi wa horon gaggawa, a aji mai rufin kwano. Ita ta ce kada a sa ni a wurinta, don kada a ce tana fifita 'yar gida. Daga baya ta ce min wannan yana cikin abubuwan da ta fi nadama.

Ta tagar ajinmu nakan hango ta. Mako biyun farko ba ta koyar da komai. Takan sa yara su zauna suna zane a ƙasa, ita kuma ta ja gefe da gwangwanin madara cike da 'ya'yan tsamiya, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce wa yaro "ƙirga min". Sai ta zube 'ya'yan tsamiyar a kan faifai ta ce, "Ba ni biyar." Wani ya damƙo cikin hannu ya miƙa. Wani ya fara ƙirga, baki na gudu yatsa na baya, kafin ya taɓa ƙwaya ta uku bakinsa ya kai bakwai. Wanda ya ba ta daidai, sai ta jera layi biyu, biyar-biyar, ta tambaye shi ko yawansu ɗaya. Ya ce e. Sai ta baje layi ɗaya a kan idonsa har ya yi tsawo, ta ce, "Yanzu fa, wanne ya fi yawa?" Da damansu sukan nuna mai tsawon. Ba ta cewa an yi kuskure. "To madalla, je ka turo na gaba." Shi ke nan.

Tana da wani littafi mai baƙin bango, kowane yaro da rabin shafinsa. Ba maki take rubutawa ba. Da na iya karatu na taɓa buɗewa a ɓoye. "Yana gane uku da ido, ba sai ya ƙirga ba." "Baki ya iya, hannu bai iya ba tukuna." "Ta iya, tsoro take ji." Akwai inda ta rubuta, "Wannan yunwa ce." Da littafin take raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da abin da za a fara da shi. Masu yunwar kuwa takan zo musu da ƙuli-ƙuli a jaka, ta ce wai na aikin lissafi ne, in an gama rabawa kowa ya cinye rabonsa.

Ni a gida gwana ake ɗaukata. Tun ban shiga makaranta ba na iya rera ɗaya har ɗari, da Hausa da Turanci, a bakin manyan yaran layinmu na ji. Baba direban babbar mota ne, a shekarun ne ya samu ya mallaki tasa, yana ɗauko siminti daga kudu. Duk sanda abokansa suka zo sai ya ƙwala min kira, "Zo ki yi musu ƙirga!" In tsaya in rera, su ce tubarkalla, shi kuwa baki har kunne.

Ƙarshen zango na biyu na kawo takardar sakamako. Lissafi, sifili. Malamin ya zana shi da jan biro, har ya yi masa ido da baki.

Baba bai yi boko ba, amma ya san sifili. Ya ce, "Wadda ta iya ƙirga har ɗari ce za ta ciyo wannan? Wasa kika sa a gaba." Ya jawo igiyar da yake ɗaure tamfol. Ya zuba min sau biyu. Innata tana bakin madafi tana kallo. Kafin ta uku ta sauka, Goggo ta fito daga ɗakinta ta riƙe igiyar.

"Sakar min, Yaya."

"Ba zan saka ba. Me ta yi?"

"Kin fi kowa sani, ai a makarantarku ta ciyo shi."

"Ka tambaye ta abin da ba ta gane ba?"

"Ba abin da ba ta gane ba. Rashin ji ne."

Goggo tana da kaifin baki in ranta ya ɓaci, wannan ba zan ɓoye ba. Ta ce, "Kai da ba ka taɓa zama a aji ba, ina ka san abin da ake ganewa da wanda ba a ganewa?"

Na ga fuskar Baba ta canja. Ya ce, "Yaya, ki bari sai kin haifi naki, sannan ki koya min tarbiyya."

Goggo ta saki igiyar. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni ɗakinta.

Ɗakin ba wani kaya: gadon ƙarfe, akwati, rediyo, da gwangwanaye jere a kan taga. Ban ga ta yi kuka ba. Ta goge min fuska da bakin zaninta, ta jira har shessheƙata ta lafa, sannan ta sauko da gwangwani ɗaya ta zube a gabana.

"Ba ni biyar."

Na ji daɗi, don abu ne mai sauƙi. Na taɓa su ɗaya-ɗaya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na ɗauki ta ƙarshen ita kaɗai na sa mata a hannu.

Ta daɗe tana kallon ƙwayar. Ta ce, "Wannan ce biyar?"

Na ce e.

"Waccan ta kusa da ita fa?"

"Huɗu ce."

Ta ce, "Ashe. Ke kin ɗauka suna ne. Kamar a ce wannan Ladi, waccan Talatu."

Haka na ɗauka kuwa. Shi ya sa idan malam ya ce a tara biyu da uku, nakan rasa yadda za a haɗa mutum da mutum a samu wani mutum daban. Ba wanda ya taɓa tambayata, ni ma ban san akwai abin da ban sani ba.

Ta buɗe tafin hannuna, ta dinga sa su ɗaya bayan ɗaya muna ƙirgawa tare, sannan ta dunƙule min yatsu a kansu. "Duk waɗanda ke cikin hannunki, su duka, su ne biyar. Ba ta ƙarshen kaɗai ba." Ta sake zubewa, ta ce in fara ƙirgar daga ɗaya gefen. Wadda ɗazu take biyar ta koma ɗaya, amma da na gama har yanzu biyar ne. Na ɗago na dube ta kamar ta yi min dabo. Ranar ce kawai na ga ta yi dariya idonta cike da hawaye, kuma har yau ban san ko don ni ba ne ko don maganar Baba.

Daga nan kullum bayan la'asar ina ɗakinta. Ba allo ba alli. Takan ce, "Mu nawa za mu ci tuwo yau? Je ki jera kwanuka, kowa ɗaya." In baƙo ya zo ta ce, "Yanzu fa, nawa za ki ƙara?" Ta ba ni gyaɗa in raba wa ƙannena, in ta yi saura ta tambaye ni me ya sa. Da muka wuce goma sai ta koma kan tsintsiya. Ta kwance ɗauri, mu kakkarya tsinkayen, mu ɗaure su goma-goma da zare. Sha uku ita ce ɗauri ɗaya da tsinke uku a gefe. In za a cire biyar daga sha uku, dole a kwance ɗaurin. Abin da malamai ke cewa "aro" ke nan, wanda ya sa yara da yawa kuka. Ni da hannuna na kwance shi kafin in taɓa jin sunansa. Innata har ta gaji. "Yaya, tsintsiyata ta uku ke nan a watan nan!" Goggo ta ce, "Yi haƙuri, tana aikin da ya fi shara."

Tsakaninta da Baba kuwa sai gaisuwa. "Ina kwana, Yaya." "Lafiya." Iyakarta ke nan, fiye da shekara guda. Ta daina karɓar tuwon gida, ta ɗora 'yar tukunyarta a bakin ɗaki. Nakan ga tana ci ita kaɗai, ta juya wa tsakar gida baya, rediyo yana magana a gefenta. Da na gama aji biyu na kawo takarda mai kyau, Baba ya juya ta ya sake juyawa, ya ba wani ya karanta masa. Da ya dawo daga tafiyar da ta biyo baya, ya shigo da ɗaurin sababbin tsintsiyoyi a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya.

"Yaya, an ce kina ƙarar wa mutane da tsintsiya."

Ta leƙo ta dube shi, ta dubi ɗaurin. Ta ce, "Ajiye nan."

Ban-haƙurin ke nan. Washegari ta karɓi tuwon gida. Sun zauna lafiya har ya rasu, ita ce ma ta yi jinyarsa. Amma bayan shekaru, ina da aure har da 'ya'ya, na taɓa ce mata ai komai ya wuce. Ta ce, "Na yafe masa tun a ranar. Sai dai maganar ba ta fita ba. Tana nan inda ya ajiye ta."

Akwai wata yarinya da Goggo ta fi yawan ba da labarinta, 'yar Fulani, uwarta na kawo nono cikin gari. Zango guda cur yarinyar ba ta buɗe baki a aji ba. Sauran malamai suka ce ko kurma ce, a mayar da ita gida. Da Goggo ta sake zaunar da ita a gaban faifai ta ce "ba ni uku", yarinyar ta sunkuyar da kai. Sai Goggo ta taɓa ƙwaya ɗaya ta ce, "Go'o." Ta taɓa ta biyu, "Ɗiɗi." Iyakar abin da ta iya ke nan na Fulatanci, ta tsaya da yatsa a kan ta uku tana jira. Can ƙasa-ƙasa yarinyar ta ce, "Tati." Ta ci gaba da kanta har ta ƙare faifan, ba kuskure ko ɗaya. Goggo ta lura cewa da ta wuce "jowi", wato biyar, sai ta ce "jowe go'o", biyar da ɗaya, sannan biyar da biyu. Ta ce a ranta, yarinyar da aka ce a kora ashe da tarawa a bakinta ta zo. Ta tsayar da ita gaban aji ta koya wa sauran yadda ake yin shida da bakwai da yatsun hannu biyu. Tun daga nan Goggo ta bi iyayen yara da abokan aiki tana koyon ɗaya zuwa goma da Tangale, da Tera, da Waja, da Barbarci. Ta ce ba za ta sake ce wa yaro bai iya ba sai ta tambaye shi da harshen da uwarsa ke aikensa.

Labarin da ban sani ba sosai shi ne wanda Mama ta ba ni ranar ukun nan, muna zaune mu biyu a bakin ɗakin. Na san dai ina aji huɗu aka ɗauke Goggo daga makarantarmu aka kai ta wata can bayan gari, gaba da Bolari, inda sai ta yi tafiyar ƙasa mai nisa safe da rana. Ban san dalili ba.

Mama ta ce sufeton makarantu ne zai zo. Hedimasta ya ba da umarni kowane aji ɗaya ya haddace jadawalin biyu, sau ɗaya biyu, sau biyu huɗu, a rera wa baƙo. Ɗayan ajin suka yi mako uku suna rerawa har maƙwabta suka haddace. Goggo ta ce ita yaranta ba su kai nan ba, ba za ta sa su waƙar abin da ba su sani ba. Ranar da sufeto ya zo, wancan aji suka rera kamar da bakin mutum ɗaya, ya yi ta gyaɗa kai. Aka zo ajin Goggo, shiru. Hedimasta ya ce, a gaban kowa, "Ranka ya daɗe, wannan malamar tsohon yayi ce, wasa da 'ya'yan itace take sa su."

"Da ta yi shiru," in ji Mama, "da shi ke nan. Amma kin san Goggonki."

Goggo ta ce, "Ranka ya daɗe, a kira min yaro ɗaya daga masu waƙar, wanda hedimasta ya zaɓa da kansa." Aka kira wanda ya fi kowa murya. Ta ce masa, "Biyu sau uku nawa?" Ya ce shida. Ta zube gwangwaninta ta ce, "To nuna wa baƙo biyu sau uku." Yaron ya tsaya yana kallon ƙasa. Ta kira wata 'yar mitsitsiya daga nata ajin ta ce, "Mutum uku, kowa ki ba shi biyu." Yarinyar ta jera, ta ƙirga, ta ce shida ne. Sufeto ya yi gyaran murya, ya rubuta wani abu, ya shiga motarsa. Shi ya tafi, hedimasta kuwa yana nan. Kafin ƙarshen shekara takardar canjin wuri ta fito, kuma har ta yi ritaya ba a ƙara mata girma ba.

Mama ta ce, "Ta kunyata shi gaban yara, wannan ba daidai ba ne, na gaya mata. Ita kuma abin da ya dame ta daban. Ta ce min, 'Yaron nan da na tsayar, me ya yi min? Na yi amfani da shi don in ci gardama.' Sai da ta je har gidansu." Mama ta juya sandarta. "Da aka kira taron malamai a kan maganar, an tambaya ko akwai mai cewa wani abu. Na san ita ce da gaskiya. Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, mijina ba aiki. Na sunkuyar da kai. Ba ta taɓa yi min gori ba, 'yata. Da ta yi ma da na fi samun sauƙi."

A shekarun nan malamai da yawa sun bar alli. Wasu sun koma kwangila, wasu banki, wasu sun shiga siyasa. Baba ma ya ce ta ajiye aikin ya buɗe mata shago a ƙofar gida, ta huta da tafiyar rana. Ta ce, "In na bari, wa zai zauna da su a mako biyun farko?" Haka ta ci gaba da fita da lema da jakarta, takalminta na roba yana cinyewa ta gefe ɗaya.

Ni na yi gaba. Na karanta haɗa magunguna, na yi aure, aiki ya kai mu Kaduna. Da farko duk hutu ina gida, daga baya sai salla-salla, daga baya sai in an yi rasuwa ko biki. Bayan Baba da Inna sun rasu ƙannena suka gina nasu suka tashi, aka zuba 'yan haya a gidan. An yi-an yi ta koma wurin ɗayanmu ta ƙi. Ta ce ba ta iya kwana a ɗakin da ba ta san inda komai yake ba. Muna aika mata abin da take bukata, muna kiran waya ranar Juma'a. Mun ɗauka mun yi abin da ya kamata.

Zuwana na ƙarshe, idonta ya riga ya yi rauni, sai ta shafa fuskata kafin ta tabbatar ni ce. Muka yi hira, ta tambayi kowa da kowa. Da na zo kan jikata ta fari, 'yar shekara huɗu, sai na ciro waya na kunna mata muryar yarinyar tana karatun makarantarsu ta kuɗi. Goggo ta kara wayar a kunne, ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake kunnawa. Ta ce, "Muryarta irin taki." Sannan ta ce, "Ki kawo min ita. Ba daɗewa za mu yi ba. Ina so in zauna da ita kaɗan, tun ina iyawa."

Na ce in sha Allah, da an ba da dogon hutu.

Aka ba da hutun. Uwar yarinyar ta ce an sa ta darasin hutu, ni kuma aiki ya yi min yawa, ga hanya ba daɗi. Na ce a bari sai hutu na gaba. Na kira Goggo na gaya mata. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Mako biyar bayan nan aka kira ni da safe aka ce ta cika.

Ranar bakwai, baƙi sun watse, ina cikin ɗakinta ina haɗa kaya, sai na ji sallama a zaure. Wani kafinta ne, magidanci, da abu a hannu naɗe da takardar siminti. Ya ce tsohuwar gidan nan yake nema, ta sa shi aiki tun kafin hutu, ya yi tafiya ne shi ya sa ya makara, a ba ta haƙuri. Na gaya masa. Ya yi salati, ya tsuguna a wurin ya yi mata addu'a mai tsawo. Da ya gama ya kwance takardar. 'Yar kujera ce ta katako, ƙarama, an goge ta sumul.

Ya ce, "Sau biyu tana aiko min a kan tsayinta. Ta ce kada ta yi tsawo, ta yarinya ce 'yar shekara huɗu, tana so ƙafarta ta taɓa ƙasa. Hajiya, wa zan ba?"

Na miƙa hannu na karɓa.

Allah ya jiƙanki, Goggo. Ya yi miki sauƙin tambaya kamar yadda kika sauƙaƙa wa 'ya'yan mutane, ya haskaka inda kike kwance, ya ba ki abokan zama. Mu kuma da muka makara, ya yafe mana.